TOGAF, Zachman ko ISA-95, wanne ya dace da kamfanin haɗa mota?

In kana aiki a kamfanin haɗa motoci, irin na Kaduna ko na Nnewi, wata rana dole wani kwansaltan ya zo muku da maganar tsarin da zai sa manhajojin kamfani su riƙa magana da juna, to kafin oga ya sa hannu a san me ake saya.

Cikin irin waɗannan tsare-tsaren, TOGAF shi ne mai suna. Wata ƙungiya mai suna The Open Group ce ta fitar da shi a 1995, bugu na 10 ya fito 2022. Yana da hanyar aiki da ake kira ADM, ana farawa daga inda kamfani ya dosa, a bi ta bayanai da manhajoji har kan kwamfutoci, a sake zagayowa. Amma fa akwai nauyi, takardu tuli, ga jarrabawar satifiket da dala ake biya, kuma ba ruwansa da layin haɗa mota, bankuna ma da shi suke aiki.

Zachman kuwa tebur ne kawai, John Zachman ya fito da shi a 1987 yana IBM. Tambayoyi shida ne yanzu: me, ta yaya, ina, wa, yaushe, don me. Zai nuna maka abin da ka manta, ba zai ce ga inda za ka fara ba.

Ni dai ISA-95 zan fara ɗauka, don rigimar masana'anta kullum tsakanin ofis da layi take, kwamfutar sito ta ce akwai kujeru, masu ɗaurawa su ce wallahi babu. Shi ya raba aikin hawa-hawa, ERP, wato manhajar ofis mai kula da oda da kuɗi, irin su SAP, a hawa na 4, MES, manhajar da ke kula da layi, a na 3, injina da na'urorin awo a ƙasa, ya kuma faɗi bayanin da zai riƙa hawa da sauka. Misali injin ɗaure notin taya ya rubuta ƙarfin da ya ɗaure, a liƙa shi da lambar shasi mai harafi da lamba 17, ranar da aka gano wani rukunin birki ba kyau kun san motocin da za a kira a dawo da su, ba sai an yi ta lalube ba.

Akwai kuma wani tsarin na masana'antu, RAMI 4.0, na Jamus ne, ya fito 2015, sai in yawancin injinanku daga can suke zai yi muku rana sosai.

In kamfani ya girma, ga dilaloli ga rassa, a ɗora TOGAF a sama. Kafin nan ku ce wa kwansaltan ya zana muku hanyar da lambar shasi ɗaya ke bi daga oda har mota ta fita get.