Contax T2, T3 ko Ricoh GR1v: wa ya kamata ya canza kyamara a ƙasar zafi da ƙura?

Mai riƙe da Contax T2, in ya daɗe da ita, wata rana zuciya za ta fara raya masa cewa T3 ta fi. Ko kuma ya ga siririyar Ricoh GR1v a hannun wani, nan take tasa ta yi masa nauyi a aljihu. Yawancin masu ba da shawara a kan waɗannan ƙananan kyamarorin fim masu tsada suna zaune ne a inda ake da mai gyara a kusa, ba kuma sa fama da hazo. Mai ɗaukar hoto a Garwa, Marwa, Kusiri ko Njamena lissafinsa daban ne. Mun auna su da abin da ke damun mu a nan: rana, ƙura, batir, da tambayar wa zai gyara in ta tsaya.

T2 ta fito a 1990, kamfanin Kyocera na Japan ne ya ƙera ta, jikinta na titaniyam, lens ɗinta Carl Zeiss Sonnar 38mm f/2.8, nauyinta giram 295. T3 ta biyo baya a 2001 da Sonnar 35mm f/2.8, ta fi ƙanƙanta, giram 230. A hoton da aka wanke a girman kati, ba kowa zai iya cewa ga na T2 ga na T3 ba. Sai an faɗaɗa sosai ake ganin gefunan hoton T3 sun fi tsafta. Bambancin da ake ji a hannu abu biyu ne. T2 ba ta kama abin da ya fi santimita 70 kusa, T3 tana matsowa har santimita 35, wato za ta cika hoto da lallen hannun amarya ko ɗinkin jakar fata a kasuwar Marwa, abin da T2 ba za ta yi ba ko an yi mata dole. Sannan shata, wato murfin da ke buɗewa ya rufe don haske ya faɗa kan fim: ta T2 iyakar saurinta 1/500 na daƙiƙa, ta T3 tana kaiwa 1/1200 idan ƙofar haske ta tsuke.

Wannan batun shata ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Da tsakar rana a bakin Binuwai ko a kan rairayin Shari, fim mai ISO 400 (ISO shi ne ma'aunin saurin da fim ke kama haske) yana neman kusan 1/500 a f/16, wato ƙofar haske a tsuke sosai, kuma nan ne iyakar T2 gaba da baya. Ba ta da sauran wurin gudu. Fim mai launi yana jure haske da ya ɗan yi yawa, don haka hoton zai fito, amma kai ba ka da zaɓi a ciki, komai zai fito a f/16. Maganin ba sai an sayi T3 ba. A sa fim mai ISO 100 ko 200, irin Kodak Ektar 100 ko Gold 200, a ajiye mai 400 don yamma da cikin zaure. Wani abu da sababbin masu T2 ba su sani ba: lambar 2.8 da ke kan zobenta ita ce kuma matsayin da kyamara ke zaɓar komai da kanta. In haske ya yi yawa za ta tsuke ƙofar ba tare da ta tambaye ka ba. Mai son bayan hoto ya narke da rana tsaka zai sha takaici.

Inda T2 ta yi wa ƙanwarta zarra shi ne saurin hannu. Ka ɗauki ranar hawan sallah a ƙofar Lamiɗo: fararen manyan riguna, rana a kai, fuskar mahayi a inuwar rawani. Ma'aunin hasken kyamara zai ga fari ya cika wuri, sai ya rage haske, rigar ta fito toka-toka, fuskar kuma ta nutse. Dole a ƙara haske da mataki ɗaya ko ɗaya da rabi. A T2 ɗan faifai ne a sama, ka murza shi da babban yatsa kana kallon doki. A T3 sai ka danna maɓalli ka nemo wurin a ƙaramin allo, kafin ka gama dawakai sun wuce. Filasha ma haka. A T2 tana kan zoben lens, ba za ta tashi ba sai ka murza zuwa wurinta, don haka ba za ta haske fuskar dattijo a bazata ba. Tagar leƙenta kuma ta fi faɗi, mai tabarau zai gane haka tun leƙon farko.

Ricoh wata hanya ce daban. GR1 ta fito a 1996, GR1s a 1998, GR1v a 2001, dukansu da lens 28mm f/2.8 da jiki na magniziyam mara nauyi, ƙasa da giram 200. Tana shiga aljihun kaftani ba ta ja shi ƙasa. Lens mai faɗi irin wannan shi ne na duwatsun Rumsiki, na lungun kasuwa, na ɗaki mai cike da 'yan biki inda ba wurin ja da baya. Amma ba na fuska ba ne. In ka matso kusa da mutum da 28mm hancinsa zai yi girma, kunnuwa su ja baya, kuma ba zai gode maka ba. Tana da dabaru biyu masu kyau. Akwai yanayin da take kulle nisa tun kafin a danna, sai shata ta tashi ba jira. Sannan da an sa fim takan zare shi duka, kowane hoto da aka ɗauka ya koma cikin gwangwaninsa, saboda haka in yaro ya buɗe murfin baya, hotunan da aka riga aka ɗauka galibi sun tsira. GR1v kuma tana barin mutum ya sa ISO da hannu, abin da T2 ba ta yi. T2 tana karanta alamar DX ce, wadda ke nuna ISO ɗin fim a jikin gwangwani, in babu alamar ta ɗauka 100 ne.

Matsalar Ricoh ita ce rauni. Allon samanta yakan fara cin lambobi har ya zama ba a karanta komai, layukan cikin tagar leƙe su dushe, injin jan fim ya fara kuka kamar injin markaɗe ya gaji. Soson da ke kewaye da 'yar tagar duba fim a murfin baya yakan ruɓe, haske ya shiga ya bar jan tabo a hotuna. Wannan na ƙarshe kam da baƙin tef ake toshe shi. Sauran sai an samu wata matacciyar kyamara an ciro kayanta.

Kowace a cikinsu da ciwonta, kuma gara a san shi kafin a biya kuɗi. T3 ta farko tana da haƙori ɗaya tak a sandar da ke naɗe fim. In ya cinye, fim ba zai kamu ba. Daga baya aka koma haƙori biyu, don haka a nemi mai sayarwa ya turo hoton cikin a ƙirga. Sauran takwarorinsu ma haka. Leica Minilux ta 1995, mai Summarit 40mm f/2.4, hotonta da daɗin kallo, amma an san ta da nuna E02, alamar siririyar wayar da ke lanƙwasa duk lokacin da lens ya fita ya koma ta tsage. Tagar leƙenta kuma kamar ramin allura. Nikon 35Ti ta 1993, mai allurai a sama kamar agogo, ma'aunin haskenta ya fi na yawancinsu wayo, sai dai maɓallan filasharta sai da farce. Minolta TC-1 ta 1996 ƙarama ce ƙwarai, 28mm f/3.5, da ƙofofin haske huɗu kacal. Kyocera ta daina yin Contax tun 2005, kuma babu ɗaya cikin waɗannan da kamfaninta ke fitar wa da sababbin kayan gyara.

A nan ƙura take shigowa. Dukansu lens ɗinsu yana fita da komawa ne da ƙaramin inji da haƙoran da ba su kai ƙwayar gero ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu, duk kunnawa a waje yana jan garin hazo ciki, ya haɗu da tsohon man shafawa ya zama kamar kunu. Alamar farko ita ce murfin lens ya tsaya rabi a buɗe, ko sautin fitar ya canza. Kada a tura da yatsa. A riƙa ajiye ta cikin leda mai zip sannan a sa a jaka, a hure ƙura da robar hura iska kafin a kashe ta, a kashe ta tana kallon ƙasa. Bakin riga ba abin goge lens ba ne, yashi ne a jikinsa. Zafin Maris da Afrilu, da ke haura digiri 40, yana baƙanta allo yana narkar da mai, saboda haka ba a barin ta a mota ko a ƙarƙashin kujerar babur. A Gaundere da damina kuma raɓa ce abin tsoro, a sa buhunan silika a akwatin ajiya. Abin dariyar shi ne Olympus mju-II ta 1997, 'yar roba da masu titaniyam ke rainawa, ita ce aka yi wa toshiyar hana feshin ruwa, kuma lens ɗinta 35mm f/2.8 ba abin rainawa ba ne. Laifinta, ba ta da wurin ƙara haske, kuma duk rufewa filasha takan koma tashi da kanta.

Batir ma yana cikin lissafi. T2, 35Ti, Minilux, TC-1 da mju-II suna cin CR123A, wanda ya fi samuwa don ana sa shi a wasu tocila. T3 da GR1 suna cin CR2, wanda sai an yi sautu. Dukansu volt 3 ne, suna ajiyuwa shekaru, don haka a sayi huɗu ko biyar a lokaci guda. A guji mai caji da ake kira 16340. Girmansa ɗaya da CR123A amma in ya cika yana kaiwa volt 4.2, zai iya ƙona kayan lantarkin cikin kyamara.

Sai kuɗi. T3 mai lafiya takan kai kusan ninki biyu na T2, kuma kowane Yuro 1,000 sefa 655,957 ne kafin kuɗin aike da na duwan. Ga wani tarko: wa'adin mayar da kaya da masu sayarwa ke bayarwa yakan ƙare kafin kyamarar ta iso, a ɗauki fim na gwaji, a samu inda za a wanke shi, tunda galibin sitidiyo sun bar wankin fim. In akwai ɗan'uwa a Faransa ko wani wuri da zai karɓa, shi ya yi gwajin a can. Ya sa sabon batir, ya kunna ya kashe sau ashirin yana sauraro. Ya buɗe baya ya haska tocila ta cikin lens ya duba hazo ko zaren fumfuna. Ya leƙa gidan batir ko akwai farin gari ko kore. Ya ɗauki fim guda: mafi kusa, mita biyu, nesa, da filasha da babu, ya bar ta a rana minti ɗaya ta kowane gefe don a ga ko haske na shiga. In zai taho da fim, ya roƙi a duba shi da hannu a filin jirgi, don sababbin na'urorin duba kaya da ake kira CT suna lalata shi a wucewa ɗaya.

Hukuncinmu: mai T2 da ke aiki lafiya, wadda ya san sautinta da halinta, kada ya sayar don T3, sai in aikinsa na kusa-kusa ne kullum. Zai biya ninki ne ya karɓi kyamarar da bai san tarihinta ba. Wanda 38mm ke matse shi a lungu da ɗaki, dalilinsa na komawa 28mm gaskiya ne, amma mun fi son ya duba Fujifilm Klasse W ta 2006 kafin GR1v, don ta fi ƙuruciya, tana kuma da saitin ISO da hannu. Wanda bai taɓa saye ba, ya san akwai sababbi biyu da suka fito a 2024 da garanti: Rollei 35AF, da Pentax 17 mai raba firam biyu, wadda ke ba da hoto 72 a fim mai 36. Hoton Pentax ɗin bai kai na Sonnar kaifi ba in an faɗaɗa, shatarta kuma iyakarta 1/350, don haka ita ma fim mai ISO 100 ko 200 za a ba ta. Amma da hannu ake jan fim ɗinta, da hannu ake naɗe shi, lens ɗinta kuma ba ya fita ya koma a kowace kunnawa.