Maɗaurin tsayar da jini na CAT: ya ci kuɗinsa, amma sai in na ainihi ne

Jinin da ke jikin babban mutum kusan lita 5 ne. In harsashi ya tsinka babbar jijiyar cinya, minti 5 sun isa a rasa shi. Daga Birnin Gwari zuwa Kaduna kuwa tafiyar fiye da kilomita 100 ce, kan hanyar da kowa ya san halinta. Wannan tazara tsakanin harbi da asibiti ita ce dalilin da ya sa aka ƙera maɗaurin CAT (Combat Application Tourniquet), wanda ma'aikatan jinya ke kira tonike. Kar a haɗa shi da 'yar robar nan da ake ɗaurawa a hannu lokacin ɗibar jini, suna kawai suka haɗa.

Asalinsa kayan sojan Amurka ne. Abin da ya fito da shi kasuwar farar hula shi ne yawan harbe-harbe a can. A 2021 kaɗai mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka, kuma baƙar fata, da ba su kai kashi 15 cikin 100 na al'ummar ƙasar ba, su ne fiye da rabin waɗanda ake yi wa kisan gilla da bindiga. A watan Yunin 2024 babban likitan gwamnatin ƙasar na lokacin, Vivek Murthy, ya ayyana abin a matsayin matsalar lafiyar al'umma, wato a tunkare shi kamar yadda ake tunkarar annoba. Tun 2015 ma aka ƙaddamar da shirin Stop the Bleed don koya wa gama-garin mutane tsayar da jini. A kudancin Chicago, inda baƙar fata suka fi yawa, an shafe shekaru babu cibiyar kula da manyan raunuka ta manya sai a 2018, shi ya sa 'yan unguwa suka riƙa koya wa junansu agajin farko. Mutumin Rigasa ko Giwa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan wannan.

Samfurin da ke kasuwa yanzu shi ne na bakwai. Ɗamara ce mai faɗin kusan santimita 4, tsawonta ya ɗan gaza mita ɗaya, bakinta ja ne don a gane shi cikin ruɗewa. Tana da ƙofar zira ɗamara guda ɗaya, da mannen Velcro, da sandar murɗawa, da maƙalin sanda, sai 'yar igiyar rufewa mai wurin rubuta lokaci. Mai baƙin launi na jami'an tsaro ne, mai ruwan lemu na masu agaji, shuɗi kuma na koyo ne kawai. Ga mai mota ko mai shago, mai ruwan lemu ya fi, domin likita zai hango shi nan take ko da jini ya ɓata kaya.

Ɗaura shi ba wuya, kuma an yi shi ne yadda mutum zai iya ɗaura wa kansa da hannu ɗaya. A sa shi santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ta ɓangaren da ya fi kusa da gangar jiki, ba a kan gwiwa ko gwiwar hannu ba. In duhu ne ko ba a ga inda jinin ke fitowa ba, a kai shi can ƙololuwar cinya ko damtse. A fitar da waya da makulli daga aljihu tukuna. Sai a ja ɗamarar da ƙarfi a manne, har ya zama yatsu uku ba sa shiga ƙarƙashinta. Daga nan a murɗa sandar har jini ya tsaya, a maƙale ta, a rufe, a rubuta ƙarfe nawa aka ɗaura.

Wurin jan ɗamarar nan ne yawancin masu koyo ke faɗuwa. Suna barin ta sako-sako suna tsammanin sanda za ta cike giɓin, sai su yi ta murɗawa har ɗamarar ta cukurkuɗe jini bai tsaya ba. Ɗaurin da bai matse ba ya fi rashin ɗauri muni, saboda yana toshe jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya ya bar waɗanda ke kawo shi a buɗe, sai zubar ta ƙaru. Kuskure na biyu tausayi ne ke jawo shi. Ɗaurin yana da zafi ƙwarai, wanda aka ɗaura wa zai yi ihu ya roƙi a sassauta, 'yan uwa su ce a bari jini ya ɗan zaga. Kar a yarda. Kowane sassautawa jini ne ke tafiya, kuma likita ne kaɗai zai kwance shi. Tsoron cewa za a yanke ƙafar ma an zuzuta shi: ɗaurin da bai wuce awa 2 ba da wuya ya jawo lahani mai ɗorewa. In cinya ce mai kauri kuma ɗaya bai tsayar da jinin ba, a ƙara na biyu a jikin na farko ta sama. Shi ya sa sayen ɗaya tak rabin shiri ne.

Inda ya gaza kuma a bayyane yake. Hannu da ƙafa kawai yake wa aiki. Raunin matsematsi, hammata ko gefen wuya sai dai a cusa bandeji cikin ramin da yatsa, ninki bayan ninki har ya cika, a danne da nauyin jiki. Bandeji mai maganin daskarar da jini irin QuikClot yana son dannawar aƙalla minti 3, bandejin kemis na yau da kullum kuwa minti 10, ba tare da ɗagawa ana leƙawa ba. Ƙirji da ciki ba a cusa musu komai. Ramin ƙirji ana rufe shi da manne na musamman mai ƙofar fitar iska, a kuma juya mutum a duba bayansa, don harsashi yakan shiga ta nan ya fita ta can. Ƙaramin yaro da hannunsa bai kai kaurin da ɗamarar za ta kama ba, dannawa da hannu ita ce mafita. Su toka, garin taba, ƙasa da man birki da ake zubawa a rauni ba sa tsayar da jinin jijiya, aikin wankewa kawai suke ƙara wa likitan tiyata. A kuma lulluɓe mai rauni ko da ana zafi, domin jikin da ya yi sanyi jininsa ba ya daskarewa da kyau, balle daren hunturu a bayan a-kori-kura.

Babbar matsalarsa a wurinmu jabu ce. A Amurka na ainihi yana kai dala 30 da 'yan kai, kafin a yi maganar kuɗin jirgi da ribar ɗan kasuwa. Duk wanda ya miƙo maka shi a farashin kwanon shinkafa, ka san araha ba ta ado. A ido kusan iri ɗaya ne, sai an murɗa ake gane bambanci: sandar jabu siririya ce, tana lanƙwashewa ko ta karye daidai lokacin da matsi ya kai, maƙalin ya buɗe, mannen ya saki. Na ainihi sandarsa kakkaura ce mai tauri, akwai lambar rukunin ƙira a jikinsa. A saya daga dillalin kayan asibiti da zai ba da rasit ya kuma faɗi inda ya samo, ba daga hoton da aka turo a WhatsApp ba.

Ajiya ma tana kashe shi. Rana da zafin gaban mota suna cinye ƙarfin zaren, ƙurar hunturu tana cika mannen har ya daina kamawa. A cire shi daga ledar kamfani, don yatsun da suka jiƙe da jini ba sa iya yaga leda, a naɗe shi a shirye cikin ƙaramar jaka mai zif, a ajiye inda hannu zai kai daga kujerar direba, ba ƙarƙashin taya a but ba. Sau ɗaya ake amfani da shi. Wanda aka yi atisaye da shi ya riga ya saki, ba a mayar da shi jakar gaggawa.

Wasu za su ce ai rawani ko ɗankwali da guntun itace sun wadatar. In babu komai, to, a naɗe ƙyalle mai faɗin yatsu uku, a ɗaure, a zira sanda mai ƙwari a murɗa. Amma sau da yawa irin wannan ba ya kai matsin da ake so, igiya da waya kuma yanka nama suke yi. Ga direbobin Mando da Kawo masu bin hanyar Birnin Gwari ko Abuja, da 'yan sintiri, da ƙananan asibitocin ƙauye, CAT biyu, bandeji huɗu, safar hannu, almakashi da alƙalamin maka sun cancanci a yi musu karo-karo a matakin ƙungiya, tare da shuɗi ɗaya da za a riƙa gwaji da shi har kowa ya iya ɗaurawa cikin ƙasa da minti ɗaya.

Bayan an ɗaura, a kira 112 in akwai sabis, amma kar a zauna jira in ga mota a kusa. A nufi asibitin da ke da tiyata da ma'ajiyar jini, irin su Barau Dikko, asibitin sojoji na 44 ko Shika a Zariya, a faɗa wa ma'aikacin farko da aka gani lokacin da aka ɗaura. Dokar kula da waɗanda aka harba ta 2017 ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, karɓar mai raunin bindiga ba tare da takardar 'yan sanda ba, kuma asibitin ne zai sanar da 'yan sanda cikin awa 2. Don haka ba a biyawa ta caji ofis.