Cibiyar kimiyya ta yara da ke unguwarmu: abin da na gani da idona

Iyaye da yawa sun tambaye ni game da cibiyar kimiyyar nan da wasu matasa suka buɗe a unguwarmu nan Kano, wadda nake kai yarana biyu duk Asabar, shi ne nace bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. A taƙaice dai wurin ya cancanci kuɗinsa, amma akwai gyara, kuma zan faɗa.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba a zaunar da yaro a cika masa allo da rubutu. Kowane yaro sai ya taɓa da hannunsa, ya zuba, ya haɗa, in ya lalata a ce masa sake. Kuma yawancin kayan aikin wallahi na kicin ɗinmu ne. Ranar farko zoɓo aka dafa musu ba sukari, aka raba a ƙananan kofuna, wannan a matsa masa lemon tsami, wancan a ɗiga masa ruwan kanwa, wani ruwan omo. Na lemon tsamin ya ƙara ja ya yi haske, na kanwar kuwa nan take ya juye ya yi duhu ya koma wajen kore, yara suka ɗau ihu. Sai da suka gama mamakin sannan Antin tasu ta yi bayani cewa launin da ke cikin zoɓo yana canzawa ne gwargwadon tsamin abu ko kaifinsa irin na kanwa, kuma aikin da takardar litmos take yi kenan a ɗakin gwaji na sakandare. 'Yata mai shekara 9 da muka dawo gida sai da ta gwada ruwan tsamiya da toka da sabulun wanka, tana rubutawa a littafinta wanne ya ja wanne ya yi duhu, ba wanda ya sa ta.

Wani satin batir suka haɗa da lemon tsami, a soka ƙusa mai rufin tutiya a gefe ɗaya, wayar jan ƙarfe a ɗaya gefen, a ɗora mitar auna ƙarfin wutar lantarki. Lemo ɗaya bai kai bolt 1 ba, don haka ɗan ƙwan fitilar ya ƙi kamawa, kuma malamin bai gaya musu mafita ba, ya bar su suna ta gardama har wani yaro yace to a jera lemon da yawa mana kamar yadda ake jera batir a tocila. Da aka jera huɗu ƙwan ya ɗan kawo haske. Wannan haƙurin na malamin, da ya iya kame bakinsa ya bar yara su gano da kansu, shi ne abin da nake biya wa kuɗi gaskiya, don a makarantun boko da yawa yaro zai gama sakandare ya haddace zanen kayan gwaji tsaf amma bai taɓa riƙe ko ɗaya ba.

Darasin da ya fi tsaya min a rai kuwa na tukwane ne. Sun sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, suka cika tsakaninsu da yashi, suka jiƙa shi da ruwa, suka rufe da jiƙaƙƙen tsumma, aka sa tumatir da alayyahu a ciki wasu kuma aka bar su a waje don a kwatanta. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar yana bushewa yana tafiya da zafi, shi ya sa cikin ke yin sanyi, kuma an nuna musu cewa dabarar ta fi ci lokacin zafi da iska ta bushe, da damina kam ba ta cika aiki ba. Sai aka ba su labarin Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa da ya yaɗa wannan dabara a ƙauyuka har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ɗana ya dawo yana ce min Umma ashe ɗan nan kusa da mu ne. Yaro ya ji cewa mai ƙirƙira ba sai Bature ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

Suna kuma da madubin ƙara girma na takarda, Foldscope, wanda Manu Prakash na jami'ar Stanford a Amurka ya ƙirƙira tare da ɗalibinsa, yana ƙara girman abu sau 140. Da shi suka kalli fatar albasa da ɗigon ruwan kwata, suka ga ƙananan halittu suna yawo a ciki.

To yanzu gyaran. Ɗakin ƙarami ne kuma in aka ɗauke wuta zafi ba a magana, fanka ɗaya ce ke aiki da sola. An haɗa ɗan shekara 6 da ɗan shekara 14 a tebur ɗaya, manyan su karɓe komai ƙananan su koma 'yan kallo. Ɓangaren kwamfuta inda ake koya musu Scratch, wato manhajar da yara ke koyon haɗa shirin kwamfuta da ita, shi ne ya fi rauni, kwamfutocin kaɗan ne, maza su rigaye su zauna 'yan mata na tsaye a baya, na yi wa shugaban wurin magana nace Malam don Allah a riƙa yin layi ko a ware wa mata nasu lokacin, ya karɓa da mutunci kuma satin da ya biyo baya na ga an fara juyawa, amma har yanzu sai mai kula ya sa ido. Gilashin kare ido ma bai ishi kowa ba, ranar da aka yi aiki da ruwan kanwa karɓa-karɓa aka yi, wannan kam bai kamata a yi sakaci da shi ba ko kaɗan.

Sai maganar lokaci. Safiyar Asabar ta ci karo da Islamiyya ga yara da yawa, nima sai da na nemi alfarma wajen malaminsu. Da za su buɗe aji ranar Alhamis da yamma da ake hutun Islamiyya da sun samu yara ninkin waɗanda suke da su.

Wanda zai kai nasa, ya sa musu tsofaffin kaya don zoɓo ba ya fita da sauƙi, ya haɗa su da ruwan sha da ɗan littafi da fensir, kuma in yaron bai kai shekara 7 ba gara a jira sai sun raba ajin.