MacBook Air ko Zephyrus G14, amsa ga ɗan uwanmu matafiyi

Salam ɗan uwa, tun jiya na ga tambayarka sai yanzu na samu zama. Ga waɗanda ba su gani ba, cewa ya yi aikinsa na yawo ne, yau jirgi gobe mota, yana haɗa bidiyo yana kuma ɗan taɓa zanen 3D, tsohuwar laftof ɗinsa mai inci 15.6 ta kusa sauke masa kafaɗa, wai tsakanin MacBook Air mai inci 13 da Asus ROG Zephyrus G14 wacce zai ɗauka, yana son ƙarama amma mai ƙarfi. To ai kowa ma abin da yake nema kenan yanzu, shi ya sa ka ga kusan duk kamfanonin sun raja'a kan inci 13 da 14, tun daga 2020 da Apple suka fito da cif ɗinsu na M1 su kuma Asus suka fito da G14 ta farko mutane suka gane ashe ba dole sai ka ɗauki ƙatuwar sistam kamar bulo ba kafin ka yi aiki mai nauyi.

Kafin ma mu je ko'ina, manhajar da kake aiki da ita ita ke yanke rabin hukuncin. Ka ce 3D amma ba ka faɗi wanne ba. In SolidWorks ne ko Revit to magana ta ƙare, na Windows ne, ka manta da Mac kawai, kar wani ya ruɗe ka da cewa akwai dabarar da ake yi, akwai ɗin amma ba abin da za ka dogara da shi kana ɗakin otal ƙarfe biyun dare aiki na jiranka ba ne. In kuma Final Cut Pro ka saba da shi to shi a Mac kaɗai yake. Premiere da DaVinci Resolve da Blender su kam suna tafiya a duka biyun, a nan ne kwatancen yake da amfani.

Nauyi. A takarda Air ta 2024 kilo 1.24 ce, G14 ta 2024 kuma kilo 1.5, sai ka ce ai bambancin bai taka kara ya karya ba. Amma kafaɗarka ba laftof kaɗai take ɗauka ba, jaka take ɗauka da duk abin da ke ciki. Cajar Air ta 2024 ɗan ƙaramin abu ne mai wat 30 ko 35, za ka iya jefa ta aljihun gefe ka manta da ita, kai ko cajar waya mai ɗan ƙarfi ta USB-C tana iya ciyar da ita. Ita kuwa G14 cajarta ta asali wat 180 ce, da tubalinta da wayarta mai kauri, ka ɗora wajen rabin kilo a kan lissafin. To ka ga an tashi daga ɗaya da kwata an doshi kilo biyu. Eh tana karɓar caji ta USB-C har wat 100, mutane da yawa haka suke yi in za su fita, su bar babbar a gida, sai dai da ƙaramar caja ba za ta ba ka cikakken ƙarfinta ba, kuma ƙarfin nan fa shi ne dalilin sayenta tun farko.

Nan ne inda nake so ka tsaya da kyau, don nan mutane suka fi yin nadama. Ƙarfin da ake rubutawa a talla ƙarfin sistam ne tana jone da soket, a kan tebur, a ɗaki mai sanyi. G14 in tana jone ba wasa, akwai katin girafik na Nvidia a ciki, wato sashen da ke ɗaukar aikin hoto da 3D, ta 2024 tana zuwa har da RTX 4070 mai 8GB, in ka saka mata rendarin, wato fitar da zanen 3D ya zama kammalallen hoto ko bidiyo, a Blender za ta bar Air a baya nesa ba kusa ba, wannan ba abin musu ba ne. Amma da ka zare caja sai ta ja da baya da kanta, saboda batir ba zai iya ba katin wutar da yake nema ba, sai ka ga abin da yake gudu sumul ɗazu ya fara tsalle-tsalle. Air kuwa da caja da babu caja kusan halinta ɗaya, abin da ta yi maka a gida shi za ta yi maka a kujerar jirgi. Ita tata matsalar daban ce, ba ta da fanka ko ɗaya. Shiru kake ji, ba ƙara, ba ramin da ƙura za ta shiga, amma in ka ɗora mata aiki mai tsawo, misali kana fitar da bidiyo mai tsawo da kala da ifet-ifet a kai, mintunan farko za ta yi gudu sai jikinta ya ɗau zafi, daga nan ta rage gudu don kar ta ƙone, in wurin da kake da zafi ne ma abin ya fi saurin zuwa. Wato ɗaya tana da ƙarfi sosai amma sai da igiya, ɗaya kuma ƙarfinta matsakaici ne amma yana binka duk inda ka je, in dai ba ka daɗe kana matsa mata ba.

Wani abu kuma game da sunan katin, kar lamba ta ruɗe ka. RTX 4070 na laftof ana iya ba shi wuta daga wat 35 har zuwa 115, ya danganta da yadda kamfani ya ga jikin sistam ɗin zai iya fitar da zafi. A G14 ta 2024 wajen wat 90 yake samu. Sistam biyu za su iya ɗaukar suna ɗaya a kwali amma aikinsu ya sha bamban, siririya kullum ita ake rage wa. Kuma ba ɗaya yake da 4070 na kwamfutar tebur ba sam, suna ne kawai ya zo ɗaya.

Tunda bidiyo ne babban aikinka, duba kyamararka ka ga da wane tsari take ɗauka. In H.265 ne mai 10-bit 4:2:2, wanda kyamarori da yawa na yanzu suke fitarwa, cif ɗin Apple yana da sashe na musamman da yake karanta shi kai tsaye, tsarin bidiyo na ProRes ma haka a Air tun daga mai cif ɗin M2, shi ya sa za ka ga 'yar Air ba fanka tana jan fayil ɗin 4K lafiya lau. Katin RTX 40 ba ya karanta 4:2:2 da kansa, firosesa yake bar wa aikin, sai a jerin RTX 50 Nvidia suka ƙara shi. Don haka in G14 ɗin ce ka nace kuma irin fayil ɗinka kenan, ta 2025 za ka nema, ko ka saba da yin firoksi, wato kwafin bidiyon mara nauyi da za ka yi aiki a kansa, kafin ka fara editin.

Batir kuma lissafi ne mai sauƙi, ba sai ka yarda da kowa ba. Wh shi ne ma'aunin wutar da batir ke riƙewa, wat nawa zai bayar na awa ɗaya. Na G14 73Wh ne, na Air bai kai 54Wh ba, a ido sai ka ce G14 ta fi. To raba da abin da kowacce take sha. Sistam in tana jan wat 60 saboda katin girafik ya farka, 73 a raba da 60, awa ɗaya da 'yan mintuna kenan ka tashi neman soket. In kuma rubutu kake da burawuzin katin yana barci za ta kai ka awoyi masu kyau, ba laifi. Air a ƙaramin aiki wat kaɗan take lasa, Apple suna cewa har awa 18 a kallon bidiyo, kar ka sa ran wannan a wajen editin, amma wuni guda na aikin yau da kullum tana yi ba tare da ka waiwayi caja ba. Ni abin ya taɓa cin ni, da wata sistam ɗin gem da na riƙe a baya, ba sai na faɗi kamfani ba. Muna jiran canjin jirgi, na buɗe zan ƙarasa wani aiki, batir na kashi 80 da wani abu, na manta ban mayar da ita yanayin tattalin wuta ba, fanka ta tashi kamar injin niƙa har na kusa da ni yana leƙowa, cinyata ta yi zafi na ɗora ta kan jaka, jakar kuma ta toshe ramukan iskan ƙasa, kafin a kai rabin rendarin ta nuna ja. Soket ɗaya ne a wajen mutum huɗu na layi da wayoyinsu. A tsugune na ƙarasa aikin nan a jikin bango, ina riƙe da tubalin caja don kar ya zame daga soket ɗin.

Tunda ka ambaci jirgi, ƙa'idar da kamfanonin jirage suke bi ita ce batirin lithium kar ya wuce 100Wh, daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin, shi ya sa ma za ka ga manyan laftof suna tsayawa a 99 da ɗigo wani abu. Duka biyun nan ba su da matsala. Inda ake samun cikas wajen fawa bank ne, ba a saka shi a jakar da za a auna a kai ƙasan jirgi, a hannunka zai zauna. Mai 20,000mAh wajen 74Wh ne, mai 27,000mAh yana dab da 100, kar ka wuce nan. Kuma 74Wh ɗin nan zai cika maka Air kusan sau ɗaya, a G14 kana rendarin kuwa kamar ka zuba ruwa a rairayi ne. Soket ɗin kujerar wasu jirage ma yankewa yake in caja ta ja wuta da yawa.

Ramukan jone-jone G14 ta yi wa Air fintinkau, akwai HDMI, USB-A guda biyu, USB-C biyu, da ramin microSD. Air Thunderbolt biyu ne masu bakin USB-C, sai MagSafe na caji sai na iyafis, shi kenan, in ka je gabatar da aiki aka miƙo maka wayar furojekta ko filashi irin na da sai ka laluba jaka neman adafta, ranar da ka manta shi kuma ranar ake nema. RAM a duka biyun a manne yake, Air da G14 ta 2024, abin da ka saya da shi za ka mutu, don haka kar ka yi ƙasa da 16GB, mai bidiyo da 3D ma 24 ko 32 ya fi masa kwanciyar hankali. SSD kuwa, wato ma'ajiyar fayil, na G14 ana cirewa a saka babba, na Air ba a taɓawa. Sikirin ba zan ja ba, OLED ɗin G14 mai 120Hz ya fi kyau a ido, na Air 60Hz ne amma kalarsa daidai take kuma ya ishi aiki.

Wasu za su zo su ce me ya sa ban ambaci ThinkPad X1 Carbon ba, ai ta fi su rashin nauyi, kilo ɗaya da ɗan kai, sabuwar ma ba ta kai kilo ba. Gaskiya ne, ga kibod mai daɗi, mai aikin ofis da rubutu ita zan nuna masa ido rufe, amma ba ta da katin girafik na daban, ba ta 3D ba ce. Laftof ɗin Windows masu cif ɗin Snapdragon X da suka fito a 2024 su ma batirinsu na da kyau, sai dai har yanzu akwai manhajoji da direbobin wasu na'urori da ba sa jituwa da su, matafiyi kuma ba ya son abin da zai ba shi mamaki a hanya.

Ni dai a ganina, in kashi mafi yawa na aikinka bidiyo ne kuma da gaske a hanya kake yinsa, a mota, a filin jirgi, a wurin da ba ka da tabbacin soket, Air ta fi dacewa da rayuwarka, 3D ɗin da ka ce kana ɗan taɓawa za ta ɗauka in ba babba ba ne. In kuwa tafiyar taka daga tebur zuwa tebur ce, ka sauka otal ka jona ka yi aiki, kuma rendarin 3D shi ke kawo maka abinci, ɗauki G14 ka haƙura da nauyin cajar. Sannan in aljihu zai iya, akwai ta ukun da ba ka tambaya ba, MacBook Pro mai inci 14, wajen kilo 1.6, tana da fanka don haka ba ta yin sanyin gwiwa a dogon aiki, ga HDMI ga ramin SD babba irin na kyamara, kuma ba ta rage ƙarfi don ka zare caja. Da ni ne mai yawon haɗa bidiyo ita zan tara wa kuɗi.

Duk wacce ka ɗauka ka nemi cajar GaN, irin ƙananan nan masu ƙarfi, mai wat 100 mai baki biyu ko uku ta ɗauke maka laftof da waya lokaci guda, amma ka duba wayar cajin da kyau, USB-C na gama-gari a wat 60 yake tsayawa, sai wanda aka rubuta 5A ko 100W a jikinsa yake wuce nan. Ka turo sunan manhajar 3D ɗin da samfurin kyamararka mu gani.