Sandunan roba 51 da rigimar 1/2 da 2/3

'Yata tana aji huɗu, kuma ta kwashe mako biyu tana rantsuwa cewa 1/2 daidai yake da 2/3. Hujjarta ita ce ta ƙara ɗaya a sama, ta ƙara ɗaya a ƙasa, ai ba ta cuci kowa ba. Na yi bayani har bakina ya gaji, ta gyaɗa kai, washegari ta koma gidan jiya. Shi ya sa na sayo kwalin sandunan roba na koyon lissafin kaso.

Guda 51 ne a ciki. Akwai doguwa ɗaya, ita ce cikakkiya, sai rabi 2, sulusi 3, kwata 4, sannan waɗanda aka raba gida 5, 6, 8, 10 da 12. Kowane jeri da launinsa, lambarsa kuma a jikinsa.

Daren farko ban yi dogon surutu ba. Na ajiye rabi ɗaya, na ce ta jera sulusi biyu a ƙarƙashinsa. Da ta jera, sai ga wutsiya ta leƙo. Ta tura, ta gyara, ta juya su, wutsiya na nan daram.

"Baba, na ƙasan ya fi tsawo."

Na ce to nemo abin da zai cike giɓin. Ta lalubo 1/6, ya zauna cif. Daga nan ita da kanta ta shiga farautar duk abin da zai yi kai ɗaya da rabi: 2/4, 3/6, 4/8, 5/10, 6/12. Na gida 5 ne suka ƙi, ta yi ta kokawa da su kafin ta gane biyu sun gaza, uku sun zarce. Sai da na ga ta jera waɗannan duka na nuna mata cewa ninka sama da ƙasa ake yi da lamba iri ɗaya, kuma a wannan karon maganar ta zauna.

Inda kwalin ya gaza: babu na gida 7, babu na gida 9. Aikin gida ya zo da 2/3 = 6/9, muka rasa abin jerawa, dole na yanka kwali da almakashi, ni kuma hannuna a awo sai a hankali. Ƙananan na gida 12 ma ba su da wuyar ɓacewa, ɗaya ya yi kwana uku a ƙarƙashin kujera, rubutun wasu kuma ya fara gogewa.

Abin da ya fi damuna shi ne ta fara haddace launi maimakon lamba. Yanzu sai ta rubuta amsarta a takarda tukuna nake miƙa mata kwalin ta duba. Jiya ta rubuta 9/12 = 3/4, ba ta ko waiwayi kwalin ba.