Sunan da ke yawo saman jirgi: MSFS da X-Plane, daga ina kowanne ke samo shi?

Salam ɗan'uwa, na ga tambayarka tun jiya, ka ce rubutun nan da ke bin saman jirage a simuleta daga ina yake zuwa, kuma me ya sa na Microsoft Flight Simulator (MSFS) bai yi kama da na abokinka mai X-Plane ba. To da farko dai ka cire ran cewa fentin jikin jirgin ake karantawa. Fenti hoto ne kawai, rubutun daban ake kawo shi a ɗora.

A MSFS na 2020 ya danganta da wane ne ke cikin jirgin. In mutum ne ɗan wasa irinka, sunan asusunsa na Xbox za ka gani da nau'in jirgi da tsayin da yake, ko da kuwa ya sa fentin Air Peace. In kuma jiragen gaske ne da ke tashi a lokacin, to bayanansu daga FlightAware, kamfanin da ke bin diddigin jirage, yake zuwa, kai naka kawai ka kunna ko ka kashe. Naka jirgin kuwa lambar rajistarsa tana cikin fayil ɗin aircraft.cfg a layin atc_id, kuma kana iya canza ta kafin ka tashi.

X-Plane kuwa yawancin masu son jiragen gaske LiveTraffic suke sawa, wata ƙarin manhaja ce da ake ɗorawa a kansa, kyauta ce, kuma kai ne za ka zaɓi inda zai ɗebo bayanan, OpenSky Network ko ADS-B Exchange ko RealTraffic, sannan ka zaɓi abin da lebul ɗin zai nuna, sunan kira ne (wanda ake kiran jirgin da shi a rediyo) ko rajista ko gudu ko duka. Gaskiya nan ne ya fi burge ni, don kana ganin inda kowane abu ya fito.

Amma ga inda mutane ke ruɗewa, kuma ya shafi duka biyun. Jirgin gaske yana watsa sigina ta ADS-B a kan mita 1090 MHz, a ciki akwai wurin da yake, tsayi, gudu, sunan kira wanda bai wuce harafi 8 ba, da wata lamba ta ICAO (hukumar sufurin jiragen sama ta duniya) mai bit 24 da aka ba jirgin shi kaɗai. Ba ya faɗin rajistarsa, ba ya faɗin ko Boeing 737 ne ko Embraer. Wannan lambar mai bit 24 ake ɗauka a je rumbun bayanai a duba, sai a ce ai wannan 5N kaza ne na Najeriya, ko 5U na Nijar. In an sayar da jirgin ba a sabunta rumbun ba sai ka ga tsohon bayani, in babu shi kwata-kwata LiveTraffic sai ya sa maka A320 a madadinsa. Shi kuma sunan kira matuƙa ne ke shigar da shi da hannu, shi ya sa tikitin Air Peace zai ce P4 amma saman jirgi ka ga APK, ko ET na Ethiopian Airlines ya koma ETH, na farko lambar IATA ce ta fasinja na biyu ta ICAO ce ta masu kula da zirga-zirgar sama.

Wani abin da ke damuna shi ne OpenSky da ADS-B Exchange sun dogara da eriyar 'yan sa-kai, a Turai da Amurka sun cika ko'ina, mu nan kaɗan ne, sai ka tsaya a DNKN, wato filin jirgin Kano, ka ga sama fayau alhali jirage na sauka.

In kuma VATSIM ka shiga, wato dandalin intanet inda 'yan simuleta ke tashi tare, duk wannan lissafin ya faɗi, abin da mutum ya rubuta a vPilot ko xPilot, manhajojin da ake shiga da su, lokacin haɗawa shi ne sunansa. Ni dai shawarata, in tashi kawai kake so da abokai MSFS ya ishe ka, in kuma so kake ka riƙa gwada abin da ka gani da Flightradar24, manhajar bin diddigin jirage, a wayarka, ka sa LiveTraffic ka kunna sunan kira da rajista tare.