Terraform da Ansible: wanne ke gane an taɓa kaya a bayan idonsa?

Malam, ga yadda na fahimci tambayarka a kan Terraform da Ansible, manhajojin nan biyu da ake tsara sabobi da su ta hanyar rubuta fayil. Da dare ka shiga shafin AWS, inda ake hayar sabobi daga Amazon, ka buɗe ƙofa ta 22, wadda ake shiga saba ta cikinta daga nesa, da hannu don ka duba wata matsala, da safe `terraform plan` ya ce zai rufe ta. A gefe guda kuma ka goge layukan girka nginx, manhajar da ke ba da shafukan yanar gizo, daga fayil ɗin Ansible, ka sake kunna shi, amma nginx na nan daram a kan saba. Kana mamaki, tun da dukansu an ce maka rubuta abin da kake so kawai za ka yi, su kuma su daidaita.

Dukansu suna kwatanta halin da ake so da halin da ake ciki. Inda suka rabu shi ne ɗaya yana da littafin ajiya, ɗaya ba shi da shi.

Terraform, wanda kamfanin HashiCorp ya fitar a 2014, abu uku yake dubawa: abin da ka rubuta, fayil ɗin `terraform.tfstate` inda yake ajiye lissafin duk abin da ya ƙirƙira, da kuma abin da ke zahiri a wajen mai gajimaren, wato kamfanin da ka yi hayar kayan a wajensa, kamar AWS. Idan ka buga `plan`, yana fara ɗaukar littafinsa, ya bi kayan ɗaya bayan ɗaya yana tambayar AWS halin da kowanne yake ciki yanzu, sannan ya auna da rubutunka. Alamar `+` na nufin zai ƙirƙira, `~` zai gyara a inda yake, `-` zai rushe. Wadda ya kamata gabanka ya faɗi idan ka gan ta ita ce `-/+`, wato rushewa da sake ginawa. Idan ta faɗa a kan rumbun bayanai, tsaya ka karanta sau biyu kafin ka amsa da `yes` a `terraform apply`, umarnin da ke aiwatar da canjin.

Littafin nan shi ya sa idan ka goge abu daga rubutunka, Terraform yake gane cewa ga kaya a lissafi amma babu shi a buƙata, sai ya shirya rushe shi. Kamar mai shago ne da ke rubuta duk kwalin da ya shigo. In ɗaya ya ɓace ko an sauya masa wuri, zai sani.

Ansible kuwa, wanda Michael DeHaan ya fara a 2012, Red Hat ta saye shi a 2015, ba ya riƙe lissafin komai. Yana shiga sabar ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ya bi ayyukan da ka jera daga sama zuwa ƙasa, kowanne ya yi tambaya guda: an girka wannan? Fayil ɗin nan haka yake? In haka ne ya ce `ok`, in ba haka ba ya gyara ya ce `changed`. Yana gamawa ya manta. Da ka goge layukan nginx, ba ka ce masa ya cire ba, ka daina yi masa maganar ne kawai. In kana so ya tafi, sai ka mayar da aikin ka sa `state: absent`, ka kunna sau ɗaya a kan dukkan sabobin, sannan ka goge.

Kada wannan ya sa ka ɗauka Terraform yana ganin komai. Abin da ke littafinsa kaɗai ya sani. Ka ƙirƙiri sabuwar saba da hannu, `plan` zai ce babu canji, kuɗi kuma na ta tafiya, har sai ka shigar da ita da `terraform import`. Ko ƙofar da ya kama ka da ita, ya kama ka ne don dokokin shiga suna rubuce a cikin `aws_security_group` ɗin kansa, wato sashen fayil ɗinka da ke kula da ƙofofin sabar. Da kowace doka a ware take da nata suna, wadda ka ƙara da hannu za ta zauna shiru ba wanda ya sani. Na taɓa tarar da irin wannan a wani wurin aiki, ƙofa a buɗe wata da watanni, kowa na nuna `plan` mai tsabta yana cewa lafiya lau.

Wajen duba ba tare da taɓa komai ba, na fi yarda da Terraform. `terraform plan -detailed-exitcode` yana dawo da 0 in babu bambanci, 1 in an sami kuskure, 2 in akwai bambanci, don haka kana iya sa shi ya riƙa gudana kowane dare ya turo maka saƙo. Ansible yana da `--check --diff`, yana da amfani ƙwarai a kan fayilolin saiti, sai dai ayyukan `shell` da `command`, masu buga umarni kai tsaye a kan saba, yawanci tsallake su yake yi a wannan yanayin, domin bai san me umarnin zai haifar ba. Fayil ɗin da ya cika da `shell` ba kwatanta yake yi ba, jerin umarni ne da aka sa wa rigar YAML, tsarin da ake rubuta fayilolin Ansible da shi.

Littafin ma yana da nasa nauyin. Kalmomin sirri kan shiga cikinsa a fili, saboda haka ba a tura shi Git, inda abokan aiki ke ajiye fayilolinsu tare. In mutum biyu suka rubuta a ciki lokaci guda, yana iya lalacewa, shi ya sa ake ajiye shi a wuri ɗaya kamar S3, ma'ajiyar fayiloli ta AWS, tare da kulle. Ansible ya huta da wannan ciwon kai.

Kuma duka biyun sai an kira su suke dubawa. Masu gadi na kullum su ne irin Puppet, wata manhajar saita sabobi da ke dubawa duk minti 30 in ba ka sauya ba, da Kubernetes, mai gudanar da manhajoji a kan sabobi da yawa, da ba ya daina auna `spec` (halin da ake so) da `status` (halin da ake ciki).

Game da ƙofarka ta 22: in ka gama da ita, bar `apply` ya rufe. In kana buƙatarta, rubuta ta a fayil ɗin, ka taƙaita ta ga adireshin ofishinku maimakon `0.0.0.0/0`, wanda ke buɗe ta ga kowa, sannan ka sake buga `plan` ka ga ya daina ƙorafi.